Ƙugiyar da Eriya Ya Ƙara

Umma, ni ne, ɗan nan naki mai gudun makaranta. Tun da kika tafi gidan ya yi tsit, ko rediyon Baba ba a ƙara kunnawa ba. Kin sha ce mini in rubuta labarin nan naku, ni kuwa ina cewa hannuna bai kai ba. To ga shi yau na zauna. Zan ba da shi yadda kike ba mu, kina dariya har da hawaye, kamar labarin wasu mutane ne can daban. In kin ga na bar wata ƙugiya a hanya, ki yafe mini.

*

"Mai gyaran me?"

"Rediyo, Abba."

"Rediyo!"

Eriya na tsaye a bakin ƙofar falo, yana jin komai. Sunan da unguwa ta laƙaba masa ke nan, don dogo ne siriri, in ya tsaya cik sai ka rantse tasha yake kamowa. Ya sha guga, ya kankare baƙin dalma daga farcensa.

A ciki, tsohon Hedimasta ya zare tabarau ya dubi 'yarsa, Malamar kimiyya ta makarantar firamare, wadda ta durƙusa a gefen kujerarsa. Gwaggo, ƙanwar Hedimasta, ta tafa hannu.

"Yaya, ban gaya maka ba? Gidan da ko kyanwa ta san baƙaƙe, a ce surukinsa mai ƙona waya! Ajinsa nawa a boko, 'yar nan?"

"Uku, Gwaggo. Mahaifinsa ne ya rasu, ya fita neman abin da za su ci."

"Uku! Ko na ɗaya ma ai aji ne!"

Yadda aka yi har aka zo nan kuwa, wata safiya ce Malama ta tsaya a ƙofar shagon Eriya, da alli a gefen hannun rigarta, ta ce, "Sannu da aiki. Matattun sifikun rediyo nake nema."

"Matattu? Malama, masu rai ma ga su nan suna jiran mai so."

"Ni abin da ke bayansu nake so. Baƙin nan mai jan ƙusa."

"Au, mayen ƙarfe!"

"Haka kuke ce masa. Yana da wani sunan." Ta ciro guntun alli ta rubuta a kan teburinsa: maganaɗisu. "Karanta."

Eriya ya sunkuya, ya sa yatsa. "Ma... ga... na. Magana!" Ya ɗago yana washe baki. "Magana kike so mu yi? Ai sai ki ce!"

Ta yi dariya har sai da ta dafa ƙofa. Amma da ta ga ya tsaya a nan, sauran baƙaƙen sun gagare shi, sai ta haɗiye dariyar, ba ta ce komai ba. Wannan shirun nata shi ya fara kama shi.

Shi da kansa ya ɗauko mata kwalin mayen ƙarfen har aji, ya ce nauyi gare shi, alhali ko ɗan yaye zai iya ɗauka. Ya tsaya ta taga yana kallo. Ta baza ƙusoshi a tebur, ta matso da baƙin ƙarfen, ƙusoshin suka yi tsalle suka manne. Ajin ya kaure!

"Malama, aljani ne a ciki!"

"Ba aljani ba ne, kimiyya ce! Wa zai kawo mini fensir? Ya ja shi? Bai ja ba! Cokali fa? To me ya sa?"

Hannaye suka tashi sama kamar za su tsinke. Ta goga allura a jikin maganaɗisun, ta goga, ta goga, sai ga allura ita ma tana jan 'yar'uwarta. Ta ɗora ta a kan ganye cikin kofin ruwa, allurar ta juya a hankali ta fuskanci arewa. Aka juya ta, ta koma. Aka sake juyawa, ta sake komawa. Sannan ta ɗauki guduma ta fasa ɗaya gida biyu, yara suka yi ihu, "Wayyo, ta kashe shi!"

"Ku gwada mana," in ji ta. Kowane ɓari ya ja ƙusarsa. "Kun gani? Ko an fasa shi, ba ya daina ja."

Eriya ya manta shago a buɗe ya bari. Shekara da shekaru yana tsince sukurori da abin nan, bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

Da aka tashi sai ya ga fuskarta ba walwala. "Sun ji daɗi," ta ce, "amma rabinsu ba za su iya karanta abin da na rubuta a allo ba. Gobe sai su ce aljani ne. Kimiyya ba ta zama a kan da karatu bai share mata wuri ba."

Maganar ta soke shi, ko da yake ba da shi take ba. A nan dabara ta faɗo masa: ta zana masa baƙaƙe a takarda, shi kuma ya lanƙwasa su da waya, ya manna wa kowanne ɓarin maganaɗisu a baya, ya kawo faifan ƙarfe a jingina a bango. Yaro ya ɗauki harafi ya jefa, ɗaf! ya manne. Karatu da kimiyya a allo ɗaya!

Sai dai da ya kawo na farko, ta duba ta riƙe ƙugu. "Ina ƙugiyoyin?"

"Waɗanne?"

"Na kan ƙa da ɗa da ɓa! Ka miƙe su duk!"

"Na zaci hannunki ne ya goce."

"Hannuna ya goce! Ƙasa ba kasa ba ce, baƙi ba baki ba ne. Ƙugiyar nan da kake rainawa ita ce rabin magana!"

Daga ranar Eriya ya ƙulla wani abu a ransa: ashe ƙugiya ita ce adon masu ilimi. Duk wanda ya san boko, da ƙugiya ake gane shi.

To, shi ne yau ga shi a ƙofar falo.

"Ka shigo!" muryar Hedimasta ta daki kunnensa.

Ya shiga ya zube, ya kwashi gaisuwa. Tsohon bai ce masa ya tashi ba. Ya nuna wani ƙaramin allo baƙi da ke rataye kusa da kabad ɗin littattafai, wanda ya taho da shi gida ranar da ya bar aiki.

"Ban tambaye ka gida ba, ban tambaye ka mota ba. Ga alli. Rubuta mini abin da za ka yi wa 'yata in na ba ka ita."

Zuciyar Eriya ta yi fari ƙal. Wannan ai mai sauƙi ne! Abin da ke ransa kullum ke nan: zai kare ta daga rana, daga ruwa, daga bakin duniya. Ya miƙe, ya kama alli kamar mai riƙe da kan waya mai wuta, ya rubuta a hankali. Da ya zo kan kalmar tsakiya sai ya tuna gidan da yake. Gidan Hedimasta guda, a rubuta harafi tsirara? Ya koma ya ɗora masa ƙugiya, ƙatuwa, ya nannaɗe ta da kyau kamar jelar zakara. Ya ja da baya yana murmushi.

Gwaggo ta matso, ta karanta da ƙarfi.

"Zan... ƙare... ta. Zan ƘARE ta! Innalillahi! Yaya, ka ji da bakinsa, a'a, da hannunsa! Ƙare mana ita zai yi!"

"Abba, wallahi ba haka yake nufi ba!" Malama ta miƙe, hawaye sun riga sun zubo. "Kare yake nufi! Kare!"

"Kare kuma?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "To madalla! In da ƙugiya kisa, in ba ƙugiya haushi! Wanne za mu zaɓa?"

Eriya ya dubi allon, ya dubi Malama, bai ma gane inda wutar ta tashi ba. Hedimasta bai yi dariya ba, bai kuma ɗaga murya ba.

"Shekaruna sun ƙare a kan ƙugiyar nan," ya ce. "Mutumin da bai san bambancin karewa da ƙarewa ba, ba zan damƙa masa 'yata ba. Tashi ka ba ni wuri. Ke kuma, daga yau ba ke ba shagon rediyo."

Eriya ya fito. Bayansa yana jin kukan Malama da muryar Gwaggo tana cewa a goge allon nan kafin ya zama baki. Ya kuma ji tsohon ya ce, "Kar wanda ya taɓa shi."

Washegari da hantsi Hedimasta na baranda yana duba jarida, sai ga inuwa doguwa ta faɗo a kan shafin.

"Ban ce ka ba ni wuri ba?"

"Kun ce, ranka ya daɗe. Ba maganar aure ta kawo ni ba." Eriya ya durƙusa, ya ajiye sabon littafin rubutu da fensir a ƙasa. "Jiya kun nuna mini ciwona, ba ku ba ni magani ba. Ku koya mini."

"Makarantu sun ƙare ne a gari?"

"Ba su ƙare ba. Amma ku kuka ga kuskuren."

Tsohon ya buɗe baki zai kore shi, bakin ya ƙi. Mutum ne da zai iya hana ka 'yarsa, ya hana ka kujera, ya hana ka ruwan sha, amma tunda yake bai taɓa korar wanda ya ce a koya masa ba. Tun da ya bar aiki ba wanda ya ƙara ce masa "ban gane ba, a sake", kuma kewar wannan kalma ta fi ciwon gwiwa damunsa.

"Da sharaɗi," ya ce. "Ba ka ganinta, ba ka aika mata, ba ka ambatonta a gidan nan. Kuma ban yi maka alkawarin komai ba. Ko ka iya karatu kamar ruwa, ban ce zan ba ka ba."

"Na yarda."

"Yaya!" Gwaggo ta leƙo ta taga. "Wanda zai ƙare mana yarinya shi ka ba wa benci?"

"Ɗalibi na ba wa benci. Koma ciki."

Haka aka fara. Kullum da safe, bayan Malama ta tafi makaranta, Eriya zai naɗe dogayen ƙafafunsa a ƙarƙashin wani ɗan benci na yara, gwiwoyinsa har haɓa.

"Ce kare."

"Kare."

"Ce ƙare."

"Ƙare."

"To ka ji! Bakinka ya san bambancin tun kana goye, hannunka ne jahili. Sa yatsa a maƙogwaro. Sake faɗa. Me ka ji?"

Eriya ya zaro ido. "Ya yi tsalle! Ranka ya daɗe, a na biyun maƙogwaron ya yi tsalle!"

"To in ya yi tsalle ka sa ƙugiya. In bai yi ba ka bar harafin Allah ya huta. Ƙugiya ba ado ba ce, aiki take yi."

Ranar a hanya duk wanda ya gamu da Eriya sai ya gan shi da yatsa a wuya yana "ƙofa, kofi, ƙarfe, karfe". Tela maƙwabcin shagonsa ya ce ƙaya ce ta maƙale masa. Da aka gane gaskiya kuwa, sai tsiya ta tashi: "Ɗan aji ɗaya, an ba ka kuɗin tara yau?" "Eriya, in an yi hutu ka zo in ɗinka maka gajeren wando!" Yana jin su, sai ya yi dariya ya ci gaba da haɗa baƙi. Allunan shaguna da ya shekara yana wucewa kamar bango suka fara yi masa magana ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya karanta takardar da ke cikin kwalin sabuwar rediyo tun daga sama har ƙasa, sai da ya fito titi ya yi tsalle, tela ya ce shi ke nan, wutar lantarki ta taɓa shi.

Amma kewar Malama tana cinsa. Makarantar tana bayan shagonsa kaɗan, in iska ta juyo yakan ji ajinta suna ihu, ya san ta sake fito musu da wani abin mamaki. Sai ya ƙara wa rediyo murya don kada ƙafarsa ta ci amanarsa.

Gwaggo kuwa ba ta zauna ba, sai da ta nemo wa Malama wani manemi. Wata safiya Eriya ya iso da littafinsa, sai ya tarar da mota fara sol a ƙofar gidan, tana ƙyalli. Ta taga ya jiyo Gwaggo: "Digiri biyu, Yaya! Biyu! Ga ofis, ga hankali. Wannan ko a mafarki ba zai sa ƙugiya inda ba ta ba!" Sannan ya ji muryar da ya yi watanni bai ji ba, ashe ranar an tsayar da Malama a gida: "Abba, ba zan saɓa maka ba. Amma in ka tambaye ni, ba zan yi maka ƙarya ba."

Bai jira amsa ba. Ya juya, ya koma shago, ya wurga littafin bayan matattun rediyoyi, ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Hawaye suka zo masa, bai hana su ba. Shi wa? Mai aji uku da ɗan benci!

A kan kantar shagon akwai kofin ruwa da ganye da allura, wanda ya haɗa wa kansa tun ranar da ya ga ta yi a aji. Cikin haushi ya sa yatsa ya wujijjiga allurar. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ta lafa, ta koma inda take fuskanta. Ya sake. Ta koma. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya share fuska, ya zaro littafin, ya kaɗe masa ƙura.

Ya tarar motar ta tafi, Hedimasta na zaune da agogo a hannu.

"Ka makara."

"Na zo ɗazu, ranka ya daɗe. Na ga mota."

"Motar ce ta ce in koya mata karatu, ko kai?"

"Ni ne."

"To buɗe shafin jiya."

Tsohon bai ce masa komai game da mai motar ba, shi ma Eriya bai tambaya ba. Sai dai ranar, da ya karanta shafin bai yi tuntuɓe ba, ya ga tsohon ya juya kai yana goge tabarau fiye da yadda tabarau ke buƙata.

Ƙarshen zango makarantar ta shirya ranar nuna ayyukan kimiyya, aka gayyaci iyaye, aka sa tsohon Hedimasta a kujerar gaba. Shi ya ce wa Eriya, "Gobe ka zo. Darasi ne."

Filin ya cika maƙil! Nan 'yan aji huɗu sun kunna ƙwan fitila da batir, can wasu sun tsiro da wake a cikin kwalba, saiwa na leƙowa. Amma inda aka fi cincirindo shi ne gaban faifan ƙarfen Malama. Yara na rige-rigen jefa baƙaƙe, ɗaf! ɗaf! Wata 'yar ƙarama da a da ko sunanta ba ta iya haɗawa ta jera "maganaɗisu" tsaf, ta juyo ta yi wa iyaye bayanin dalilin da ya sa yake jan ƙusa ba ya jan fensir. Uwarta ta rushe da kuka don murna. Eriya na can baya, ya fi kowa tsawo, ya kasa ɓuya. Idonsa ya haɗu da na Malama, kowa ya yi sauri ya sunkuyar da kai.

Hedimasta ya miƙe, ya dogara sandarsa har gaban faifan. Ya share baƙaƙen da ke kai, ya ɗaga murya.

"Ina ɗalibina? Kai, dogo! Fito."

Aka dare masa hanya. Tsohon ya miƙa masa tiren baƙaƙen da Eriya da kansa ya lanƙwasa.

"Akwai tambayar da na taɓa yi maka, amsarka tana nan a allona ban goge ba. Sake amsawa."

"Yaya, a gaban mutane?" Gwaggo ta yi raɗa mai ƙarfi. "In ya sake ƙare ta fa?"

Eriya ya fara jerawa. Z, a, n, ɗaf, ɗaf, ɗaf. Sai ya tsaya. A cikin tiren ga harafi biyu kwance gefe da gefe, ɗaya miƙaƙƙe, ɗaya da ƙugiya. Ya sa yatsa a maƙogwaro, a gaban kowa, ya motsa leɓe. Yara suka fara ƙyalƙyala. Ya ɗauki miƙaƙƙen.

"Zan kare ta!" ajin Malama suka karanta baki ɗaya.

Hedimasta ya gyaɗa kai. Ya ɗauko mai ƙugiyar daga tire ya ɗaga shi sama. "Wannan fa? Ka yar da shi ke nan?"

"A'a, ranka ya daɗe. Yana da wurinsa. Sai dai kun hana ni ambato."

Tsohon ya dube shi, ya dubi 'yarsa da ta rufe fuska da tafin hannu. "Na ɗage sharaɗin."

Eriya ya karɓi harafin, ya koma ƙasan layin farko, ya jera wasu. Bai ko taɓa wuyansa ba, wannan kalmar ya daɗe da sanin inda take yi masa tsalle.

"Ina ƙaunarta!" yaran suka kwatsa, har da masu buga tebur.

Fili ya ɗauki sowa! Malama na kuka tana dariya. Gwaggo ta share ido da gefen mayafi tana cewa, "Ni dai ƙura ce ta shiga mini. Amma wallahi ƙugiyar nan ta zauna daidai!"

Hedimasta ya ɗaga sanda aka yi shiru. "Mai digiri biyu ya zo, mutumin kirki ne, na sallame shi da mutunci. Ban hana wannan yaro 'yata don ajinsa uku ba, kuma ba don ya iya ƙugiya zan ba shi ba. Na kore shi, ya dawo. An yi masa dariya, ya zauna. Na ce ban yi masa alkawari ba, bai fasa ba. Wanda aka nuna wa kuskurensa ya durƙusa ya ce a koya masa, shi ne zai iya riƙe 'yar mutane. Na ba ka ita. Amma gobe darasi na nan, kar ka makara!"

Haka haƙuri ya yi musu rana. Ita ta bi mahaifinta ba ta yi masa ƙarya ba, shi ya haɗiye girman kai ya zauna a bencin yara. Ku masu tasowa, rashin sani ba abin kunya ba ne, ƙin tambaya shi ne abin kunya. Kuma duk soyayyar da ta sa ka koyi abin da ba ka sani ba, riƙe ta da kyau.

*

Umma, nan kike tsayawa, Baba ya ce kin ƙara gishiri, ƙugiyar ba ta kai jelar zakara ba, ke kuma ki ce ta fi.

Yanzu ba ya musu da kowa. Yana zama a shago da yatsa a wuya. Rannan na buɗe akwatinki na tarar da baƙaƙen, sun yi tsatsa, amma na jefa ɗaya a ƙofar ƙarfe, ɗaf! ya manne. Gaskiyarki, ko an fasa shi ba ya daina ja.

Kin goga ni, kin goga, ina zillewa, kika tafi kina zaton allurar nan ba ta ɗauka ba. Ta ɗauka, Umma. Na je makarantar manya ta yamma na ce a mayar da ni inda na tsaya. Bencin ya yi mini kaɗan, ƙafafun Baba na gado. Harafin nan mai ƙugiya yana aljihuna.

Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko Baba. Ke na fara gaya wa.